Mutum Bakwai, Tikiti Shida

Yayana direban bas ne, na shata. Abokan aikinsa Agogo suke ce masa, don in ya ce maka ƙarfe bakwai, to bakwai saura kwata za ka ji injinsa a ƙofar gidanka. Ni bakanike ne. Ni nake duba masa motar tun tana sabuwa har suka tsufa tare. Farar bas ce mai kujera talatin, ƙofar fasinja ɗaya, madubin hagu a ɗaure da waya.

'Yan makaranta yake ɗauka, da ma'aikatan ofis masu fita shan iska, da manyan iyalai waɗanda ƙaramar mota ba ta isarsu. Yawancin tafiyarsa wuri ɗaya ce: babban gidan namun dajin da ke wajen gari, tafiyar awa ɗaya da rabi, wanda aka gina wa gidan kifaye a gefe, wani dogon gini marar taga. Shekara ashirin da shida yana kai mutane can, wani makon har sau uku. Bai taɓa shiga ba.

Mutane ba sa yarda in na faɗi haka. Maigidan da ya koya masa tuƙi ne ya sa masa doka biyu, shi kuma ya riƙe su har furfura. Ta farko, direba ba ya barin mota da kayan fasinja a ciki. Ta biyu, ka ƙirga waɗanda ka ɗauka, ka ƙirga waɗanda ka sauke. Haka za ka gan shi a bakin ƙofar bas, leɓensa na motsi, yatsansa na bin kawuna ɗaya bayan ɗaya. In ya gama sai ya zaro biro ya rubuta adadin a tafin hannunsa na hagu. Da yamma in an fito ya sake ƙirgawa, ya buɗe tafin ya duba. Bai taɓa barin ɗan kowa a baya ba, ko jakar hannu ba ta taɓa ɓata a motarsa ba.

Abin da ya sani na gidan zu duk a kunne ya same shi, daga hirar fasinjoji a hanyar dawowa. Ya san lokacin da giwa ta haihu. Ya san an canza wa kada wuri. Ya san akwai wata tsohuwar kififiya a gidan kifaye, wai faɗinta ya kai tayar babbar mota.

'Yarsa ɗaya ce tak. Sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka daga shi har ni Uwata muke ce mata. Tana 'yar shekara shida ta fara cewa ya kai ta ta ga dabbobi. Ya ce Asabar mai zuwa. To Asabar ita ce babbar ranar aikinsa, hutun makaranta kuwa ko zaman cin abinci ba ya samu. Na taɓa ce masa ya sa ta a gaban mota in zai kai wasu, wa zai hana shi? Ya ce motar da aka ɗauka shata ta masu shata ce, ba ya sa nasa a ciki. Asabar mai zuwa ta yi ta zuwa tana wucewa, har yarinyar ta daina tambaya.

Tana da shekara goma sha shida mahaifiyarta ta kwanta asibiti. Ciwon ya daɗe, kullum ana cewa da sauƙi. Wata Asabar da rana jikin ya rikice. Uwata ce kaɗai a wurinta, ni ina can wani gari neman kayan inji. Ta kira shi a waya ta ce ya zo yanzu. Yana filin ajiye motoci na gidan zu, da ashirin da takwas a rubuce a tafinsa, yara 'yan firamare, duk suna ciki sun bazu tare da malamansu biyu. Ya jira suka fito. Ya ƙirga su. Ya kai su ƙofar makarantarsu, ya sake ƙirgawa, sannan ya nufi asibiti da bas ɗin. Ya tarar an riga an rufe mata fuska, yarinyar na zaune a ƙasa a bakin ɗaki, riƙe da takalman uwarta.

Ba ta yi masa ihu ba. Da ta yi, da ya fi. Shi ma bai ce mata komai ba, a ranar ko bayanta. Ya ci gaba da abin da ya iya: abinci bai yanke ba, makaranta ba ta tsaya ba. Ta shiga makarantar koyon jinya a wani gari, ta yi aure can, ta haifi 'yan mata biyu.

Shi kuma ya zauna a ciki da falon da suka bari, a hawa na biyu. Kujeru uku ne a falon, ɗaya ta lotsa, biyu kamar jiya aka kawo su. Kofi ɗaya, faranti ɗaya, rediyo a kan taga, makullin bas a jikin ƙusa bayan ƙofa. Daga tagar yana hango rufin motarsa a ƙasa. Duk Lahadi takan kira shi, hirar ba ta cika minti biyu.

"Baba, ina wuni. Ya jiki? Ya mota?"

Shi ya ɗauka gaisuwa ce, har yakan ba ta labarin sabuwar taya. Ni na san me take nufi da "ya mota".

Bara, a ƙarshen babban hutu, ta kira ta ce ita da mijinta sun sami aiki a wani asibiti a ƙasar waje. Shekara uku a takarda, amma kowa ya san yadda irin wannan shekara ukun take. Za su zo sallama, kwana huɗu, jirginsu ya tashi Lahadi da safe.

Ran Talata sai ga shi a garejina.

"Duba min ita gaba ɗaya," ya ce. "Birki, mai, lagireto. Da makullin ƙofar nan, yana cijewa."

"Ina za ka? Gwamna za ka ɗauko?"

"Asabar zan kai su gidan zu. Na mayar da shata biyu."

Na fito daga ƙarƙashin motar da nake ciki na dube shi. Tun da nake ban taɓa jin ya mayar da aiki ba.

"Yaya, duk faɗin garin nan ka rasa inda za ka kai ta sai can? Ka manta inda kake ranar da ta kira ka?"

"Na yi mata alkawari."

"Tana 'yar shekara shida! Yanzu shekararta talatin."

"To ai har yanzu ban cika ba," ya ce. "Kai da matarka ku shirya, da ku za a je."

A ƙarshen hutu gidan zu cika yake yi, tikitin Asabar tun tsakiyar mako yake ƙarewa. Ya fi kowa sanin haka, ya sha ganin iyalai suna juyawa daga bakin ƙofa da yara suna kuka. Don haka ran Laraba ya tuƙa bas ɗin babu kowa a ciki, awa ɗaya da rabi, ya sayo tikiti ya dawo. Ya sa su a ambulan, ya sa ambulan a aljihun mota. Ran Juma'a na gan shi ya yi aski, ya sayi sabuwar riga mai ruwan sararin sama, layin ninki bai ma fita daga jikinta ba.

Asabar, bakwai saura kwata, yana ƙofar gidana, inda baƙin suka sauka don nasa ba zai ɗauke su ba. Matata ta fito da kwandon abinci, burodi da dafaffen ƙwai da filas ɗin shayi, ta tsaya tana kallon motar.

"Mutum shida a motar mutum talatin," ta ce. "Sai ka ce an kore mu daga gari."

Ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum, yatsa na bin kawuna: Uwata, mijinta, yaran biyu, ni, matata. Ya rubuta a tafinsa. Babbar jikar, 'yar shekara bakwai, wadda matata ta sa wa suna Rediyo don bakinta ba ya hutawa, ta gudu ta zauna a bayan kujerarsa.

"Kaka, kai da motar nan wa ya girmi wani?"

"Ke, motar nan ta fi mijin da za ki aura lafiya."

"Me ya sa kunnenta ɗaya ya karye?"

"Surutun wata yarinya ne ya karya shi."

Yana dariya, abin da na daɗe ban ji ba. Ya shiga ba ta labarin dabbobi: inda zaki yake kwanciya, yadda jimina take satar hular mutane, kififiyar nan mai girman taya. Uwata na can tsakiyar mota a jikin taga, ƙaramar 'yar a cinyarta. Ina ganinsa yana ɗaga ido yana nemanta a madubi. Sau ɗaya na ga ta yi ɗan murmushi, da ya ce wa Rediyo biran wurin sun fi ta natsuwa.

Muka isa wajen ƙarfe tara. Mutane kamar ranar kasuwa, ga babban allo a saman tagar sayar da tikiti, an rubuta na yau ya ƙare. Ya ajiye motar a layin manyan motoci, ya kulle, ya taka tare da mu har bakin ƙofar shiga. Direbobin da ke ƙarƙashin rumfa suka yi ta ɗaga masa murya.

"Agogo, yau ina zuwa da sabuwar riga?"

"Yau ni ma baƙo ne," ya ce musu.

A layi ya buɗe ambulan ya fara rabo. Ya ba surukinsa, ya ba Uwata nata da na yara, ya ba matata, ya ba ni. Ya sa yatsa a ambulan, ya leƙa ciki. Ya buɗe tafin hannunsa ya duba. A lokacin ban gane ba, layi yana ta tura mu gaba.

"Ku shiga," ya ce. "Bari in gyara tsayuwar mota, zan tarar da ku."

Aka yage mana tikiti, aka ɗaura wa kowa wata 'yar takarda a wuyan hannu. Muka zauna a benci kusa da ƙofa muna jiransa. Minti ashirin, minti talatin. Yaran suka fara ƙorafi, suna jin kukan tsuntsaye a gaba an hana su tafiya. Uwata ta kira shi. Na ji muryarsa ta cikin wayar.

"Ku ci gaba, Uwata. Makullin ƙofar nan ba shi da kyau, ga jakunkunanku a ciki. Ba zan iya barinta ba."

Ta ce, "To, Baba." Ta sa wayar a jaka, ta ja zif a hankali, ta kama hannun 'ya'yanta. "Ku tashi mu je. Kakanku yana gadin mota."

"Amma ya ce zai nuna min jimina," in ji Rediyo.

"Haka yake cewa."

Makullin nan ni na gyara shi da hannuna ran Talata. Da muka kai wajen jakunan dawa na ja baya na kira shi.

"Wane makulli ne ba shi da kyau? Aikina kake zagi?"

Ina jin ƙarar injinan motoci a bayansa.

"Shida na saya," ya ce.

"To?"

"Mu bakwai ne."

Sai da na lissafa da yatsu kafin abin ya shige ni. Da mai sayar da tikiti ta tambaye shi mutum nawa, ya ba ta adadin fasinjoji, kamar yadda ya saba bayarwa shekara ashirin da shida. Direba ba ya cikin ƙirga.

"Na je taga na roƙe su," ya ce. "Yarinyar ta san ni, ta ce wallahi babu, na'ura ce take fitarwa."

"Bari in fito ka karɓi nawa."

"An yage shi. Takardar hannun nan in an cire ta lalace. Na san dokarsu."

"To ka gaya mata gaskiya mana!"

"In ce mata me? Ubanta bai iya ƙirga bakwai ba? A gaban mijinta? Kada ka faɗa mata. Ka ji ni? Ka bar yara su yi kallonsu."

Ya kashe.

Na bi su da wannan maganar a cikina. Mun ga giwa da ɗanta, mun ga dorina ta buɗe baki kamar bonet. Zakin yana kwance ya juya wa kowa baya. Matata ta ce haka nake yi in an tambaye ni kuɗin cefane. Surukin namu mutumin kirki ne, yana ta ɗaukar hoto, yana ɗaga ƙaramar a wuya don ta gani. Ƙaramar ta yar da takalmi ɗaya wajen raƙuman dawa, sai da muka koma nema. Uwata tana tafe tana amsa wa yara tambaya, ba ta kallon komai. Ni ma ban ga abin kirki ba. Duk kejin da muka tsaya sai in tuna shi ya fi mu sanin abin da ke ciki.

Bayan azahar muka shiga gidan kifaye. Ciki da sanyi da duhu-duhu, haske shuɗi yana fitowa daga tankunan gilashi. Akwai wata hanya da ruwa ya rufe ta sama da gefe, kifaye suna wucewa ta kan mutum. A ƙarshenta wani tanki ne mai tsayin bene. Yaran suka manna fuska a gilashi, uban da matata suna riƙe da su. Kififiyar ta taso daga ƙasa a hankali, ta wuce ta gabanmu, ta juya. Ba ƙarya aka gaya masa ba, ta kai taya.

Uwata na tsaye a baya, ta harɗe hannu. Na je na tsaya kusa da ita.

"Baba Ƙarami," ta ce, ba ta dube ni ba, "ka san sai da na yi gardama da mijina kafin mu zo? Ya ce mu je mu yi sallama da kyau, tsoho ne. Da Baba ya ce nan zai kawo mu, kwana na yi ina tunani. Na ce wataƙila yana so ya ce wani abu. Na ce wataƙila ya sani." Ta goge hanci da gefen mayafi. "Ga shi ya kawo ni har wurin, ya koma ya zauna inda ya zauna ran nan. Shi ke nan, na samu amsata. Gobe zan tafi. Zan riƙa aiko masa da abin da ya sawwaƙa, amma ba zan sake kwaso 'ya'yana in kawo wa mutumin da ƙarfe ya fi masa su ba."

Yayana ya ce kada in faɗa. Tun muna yara ban taɓa tsallake maganarsa ba. Amma na ga in na yi shiru awa ashirin, shi ke nan har abada.

"Tikiti nawa kika ga ya raba da safe?"

"Ban kula ba."

"Shida. Mu nawa muka zo?"

Ta juyo ta dube ni.

"Ran Laraba ya zo nan shi kaɗai ya saya. Ya mayar da shata biyu. Rigar da ke jikinsa jiya ya saye ta. An tambaye shi mutum nawa, ya ƙirga kowa ya manta da kansa. Makullin mota lafiyarsa ƙalau, ni na gyara. Kunya ce ta hana shi faɗa."

"Me ya sa bai ce ba?"

"Yaushe kika taɓa jin ya ce?"

Ta sauke hannuwanta. Sannan ta je ta yi wa mijinta magana a kunne, ta ba shi jakar yara, ta nufi hanyar fita. Na bi ta. Mai gadin ƙofa ya ce mana in mun fita ba dawowa. Ta miƙa masa hannu ya yanke takardar, ni ma na miƙa.

Filin motoci ya ɗauki zafi, kwalta har tana kama takalmi. Bas ɗin tana nan a kulle, ba kowa a ciki. A rumfa direbobi suna karta, wasu sun yi barci a kan benci da hula a fuska. Wani tsoho mai jan tawul a wuya ya gane ni.

"Agogo kuke nema? Yana can bayan gidan kifi. Tun safe yake can, mun kira shi cin abinci ya ƙi. Yau dai ban san me ya same shi ba, mutumin da ba ya nisa da mota."

Bayan ginin ba wurin baƙi ba ne. Injinan tura ruwa suna ta gurnani, bututu yana ɗiga, ga tarin buhunan gishiri da kwandunan shara. Daga nan katangar gidan zu ta fara. A can ƙarshe muka hango shi, tsaye a kan bulo biyu da ya ɗora, ya kama saman katanga da hannu biyu yana leƙe. Sabuwar rigar ta jiƙe sharkaf ta manne masa a baya. Ta saman katangar ana ganin wuyan raƙumin dawa, da ɗan yankin hanyar da masu kallo suke bi.

"Baba."

Ya juyo da sauri har bulon ya motsa. Ya sauko. Ya dube ta, ya dube ni, ya gane.

"Kai dai ba a ba ka ajiya," ya ce min.

"Ban karɓa ba," na ce. Na koma gefe na zauna a kan wani bututu. Ina jin su.

"Me ya fito da ke? Ba za su bar ki ki koma ba."

"Na sani. Me kake yi a nan?"

"Ta nan ake wucewa in za a je wajen birai." Ya share gumi da hula. "Kun wuce sha ɗaya da minti ashirin. Ƙaramar ba takalmi a ƙafa ɗaya. Na yi ta kira, ba ku ji ba. An samo shi?"

"An samo."

"To madalla."

Injinan suna ta aikinsu.

"Ran nan ma," ta ce, "da na kira ka, nan kake?"

"A'a. Ina cikin mota."

"Kana me?"

Ya dubi ƙasa.

"Sau uku na tada inji," ya ce. "Sau uku na kashe. Na aika mai gadi ya nemo malaman, wuri ya yi girma, bai gan su ba. Na kira direbobi biyu, duk suna kan hanya da nasu mutanen. Ashirin da takwas ne, Uwata, mafi girmansu bai kai goma ba. In na tafi, wa zai kai su gida?"

"Ni ban taɓa cewa ka bar su ba, Baba. Ni ma aikin da nake yi ke nan yanzu, na san ba a tashi a bar mutane. Abin da ka faɗa yanzu, shi nake jira. Shekara goma sha huɗu. Na ɗauka ka ajiye wayar ka ci gaba da sauraren rediyo."

Hular tana hannunsa yana ta murɗa ta.

"Ban iya ba," ya ce. "Wallahi ban iya ba."

Ba ta rungume shi ba, ba irinmu ba ne. Ta karɓi hular daga hannunsa kafin ya yaga ta, ta kakkaɓe, ta mayar masa.

"Ka ci abinci?"

"Ban ji yunwa ba."

"Kawo makullin."

Ya ba ta. Ni ban taɓa ganin makullin nan a hannun kowa ba sai nawa, ni ma sai in mota tana kan ramin gareji. Ta je ta ɗauko sauran burodi da ƙwai da filas. Suka zauna a kan bulon nan biyu, a inuwar katanga, kusa da kwandon shara. Tana ɓare masa ƙwai yana ci. Hirar ba ta yi yawa ba. Na ji yana tambayarta ko can da za su akwai sanyi, ta ce sosai. Ya ce to ta kula da ƙirjin ƙaramar. Haka suka zauna har ƙarfe biyar, lokacin da aka fara fitowa.

Rediyo ta fito da gudu ta same shi.

"Kaka, ka yi ƙarya, jiminar ba ta saci hular kowa ba!"

"Ta ga fuskarki ne ta tsorata."

A hanyar gida duk suka yi barci, har surukin.

Lahadi da safe, shida saura kwata, yana ƙofar gidana. Muka loda akwatuna. Ya zagaya zai hau kujerarsa, Uwata ta tsaya a gabansa.

"Baba Ƙarami ne zai tuƙa."

"Wa? Wannan? Bakanike ne fa, gyara ya iya."

"Shi zai tuƙa. Kai nan za ka zauna."

Ya dube ni kamar ni na kitsa. Na ɗaga kafaɗa na hau. Ta kai shi doguwar kujerar can baya, ta zaunar da shi a tsakiya, ita a dama, yaran a hagu. Tafiyar minti arba'in ce zuwa filin jirgi, kuma ban taɓa shan zagi irin na ranar ba.

"Sa giya ta uku mana! Kana jin tana kuka!"

"Baba, ka bar shi."

"Ramin can, ramin can! Kai, wa ya ba ka lasin?"

A madubi ina ganin ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu. Yaran suna ta ƙyalƙyala dariya, Rediyo tana maimaita duk abin da ya ce. Can wajen rabin hanya ya gaji ya yi shiru. Ƙaramar ta kwanta a jikinsa. Ya rasa inda zai sa hannunsa, ya ɗora a kanta.

A filin jirgi ba a barin mota ta daɗe a bakin ƙofa. Ni na zauna a sitiyari, shi ya raka su ciki. Ya kai rabin awa. Ma'aikacin wurin ya zo sau biyu ya ce in matsa, na ce masa mai motar yana sallama da 'yarsa, in zai ja motar ya ja.

Da ya fito na sauko na miƙa masa makulli. Bai karɓa ba.

"Ta ce za ta kira in sun sauka," ya ce. "Ta ce hutun baɗi za ta turo yaran, ko ita ba ta samu zuwa ba."

"To ai shi ke nan."

"Kai mu gida."

Ya hau ta ƙofar fasinja, ya bi tsakanin kujeru har can baya, ya zauna inda ta zaunar da shi. Na tada mota. Kujera ashirin da tara babu kowa a tsakanina da shi. Na shiga rami biyu a hanya, ɗaya da gangan, bai ce min komai ba.